Rabin Ƙoƙo Kafin Tuwo

Shekarun baya ne abin ya faru, bakwai za su cika idan sanyin bana ya shigo. Na sha fara rubuta shi a nan in goge. Jiya na ga wata 'yar'uwa ta sa hoton kwalbar giyar inabi a shafinta, ta rubuta cewa wannan ba ta da illa domin ta gona ce zalla, ba a sa mata komai ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi nawa. Ba wa'azi zan yi ba, ban isa ba.

Ni 'yar mai burukutu ce. A ƙauyenmu, can kudancin Kaduna, a gindin tukwanen mahaifiyata muka girma. Tun ban kai ɗaukar tulu ba na iya jiƙa dawa, in shimfiɗa ta in rufe har ta tsiro, in shanya, in kai niƙa. Fasto ya hana mahaifiyata cin jibin Ubangiji a coci shekara da shekaru saboda sana'ar nan. Ita kuwa ba ta fasa zuwa coci ba, ba ta kuma fasa hura wutarta ba. Tana da magana guda da kowa ya san ta da ita: ta tukunya abinci ce, ta kwalba dafi ce. Har gwaji take da shi. Idan wani ya shigo gidanmu da kwalbar ogogoro, sai ta karɓa ta ɗaga wajen rana, ta sa yatsa a bayanta, ta ce, “Kun ga yatsana ko? To duk abin shan da ka hango yatsanka ta cikinsa, shi ma yana hango kabarinka.”

Burukutu kuwa kauri gare ta, da laka a gindin ƙwarya. Maza su sha a gonar gayya su koma su ɗauki garma. Tsoho idan ya kwanta ya ƙi abinci, a ba shi rabin ƙoƙo, maƙogwaro ya buɗe, ya ci tuwo. Wannan ba labari aka ba ni ba, na gani da idona a kan kakana. Da wannan ilimin na zo New York, kuma ban taɓa zama na duba shi ba, kamar yadda mutum ba ya zama ya duba sunansa.

Maigidana direba ne. Motar da ke ɗaukar marasa lafiya daga gida zuwa asibiti ta dawo da su yake tuƙawa. Muna zaune a St. George, hawa na uku, in ka leƙa ta tagar kicin kana hango feri, jirgin ruwan da ke fiton mutane, yana tahowa. Ni aikina kula da tsofaffi a gidajensu, kullum da safe in bi ferin nan zuwa Manhattan. A gida idan ana zancena cewa ake yi nas ce a Amurka. Ban taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiyar magana wanka nake yi wa tsofaffi, in canja musu zanen gado, in miƙa musu ƙwayar da wani ya riga ya ƙirga. 'Yarmu ɗaya ce, a lokacin tana jami'a can arewacin jihar. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, tun tana ƙarama.

Shan maigidana ya fara ne da ƙaninsa ya rasu a gida, takardunsa na zama a Amurka ba su fito ba, bai samu zuwa ya binne shi ba. Ƙananan kwalaben wiski ne, masu faɗin nan da ke shiga aljihun kwat. Sai ya ajiye mota ya dawo yake sha. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa fashin aiki ba, a coci ma shi ke jera kujeru. Irin mashayan nan ne da ba sa damun kowa sai hantarsu. Sama da shekara goma muna haka. Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ƙara wurin Fasto, daga baya na gaji na bar wa Allah.

Idonsa ne ya fara komawa rawaya. Sai ƙafafu suka kumbura, sai ciki. Aka kwantar da shi aka zuƙe masa ruwa daga ciki, na ga robobin da aka cika na kasa tsayuwa. Likitar hanta, wata mace mai magana a hankali, ta zaunar da mu ta ce hantar ta ƙone, ba za ta dawo ba, sai dai dashe. Ta ce kafin su sa sunansa cikin masu jira, sai ya yi wata shida cur bai sa giya a baki ba, ko ɗigo, kuma za su riƙa auna jininsa. Ya sa hannu a takarda. Ni ma na sa hannu a tawa, a matsayin mai jinyar da za ta tsaya masa kafin aiki da bayan aiki.

Ya daina. Ina son a san wannan tun yanzu. Mutumin nan ya daina da kansa, rana ɗaya, ya sha wuyar da ba zan kwatanta ba, hannu na rawa, gumi na zuba, bai koma ba. Muna da kalandar coci a bangon kicin. Kullum da safe kafin in fita sai ya ɗauki biro ya ƙwala mini kira.

“Uwargida! Zo ki shaida.”

“Ina sa takalmi, soke abinka.”

“A'a, ba a shari'a babu shaida. Zo, 'yar mai tukunya, ki ga mijinki ya ci wata ranar.”

In zo in tsaya, ya soke ranar jiya, ya sara mini kamar soja. Wata ɗaya, biyu, uku, huɗu. 'Yarmu kan kira ta bidiyo ranar Lahadi, ya juya wayar ya nuna mata kalandar, ta tafa masa.

A wata na biyar abinci ya gagara. An hana shi gishiri, an hana shi dunƙule. Na je har Harlem na sayo daddawa mai kyau da kuka da garin dawa, ko ƙamshin gida zai ja shi. Ya yi loma uku ya ture kwano, ya ce bakinsa ɗaci kamar ya tauna maɗaci. Hannuwansa suka koma kamar kara, ciki kuma ga shi kamar randa. Da muka koma asibiti suka ɗora shi a sikeli, suka sa ya matse wani ƙarfe da hannu, likitar ta ce mini idan ya ci gaba da ramewa haka, ko wata shidan sun cika, jikinsa ba zai ɗauki aikin ba. Ta ba ni wasu gwangwanayen madara mai kauri. Ya kurɓa sau biyu ya amayar.

Ranar Lahadi bayan coci na kira mahaifiyata. A lokacin ta tsufa, ta daɗe da kife tukwanenta.

“Yaya mai jiki?”

“Ba ya ci, Mama.”

“Ko kunu?”

“Ko kunu.”

Ta ce, “Kayya. Ai da a gida ne, rabin ƙoƙo ya gama maganar.”

“Likita ta hana shi giya, Mama.”

“Ta kwalba ta hana shi. Bature ya san tukunya ne?”

Muka yi dariya. Zan yi mata adalci: ba umarni ta ba ni ba. Magana ce ta tsohuwa da ke nesa, tana jin surukinta na ramewa ba ta da abin miƙawa. Ta faɗa ta wuce zuwa zancen akuyarta. Ni ce na riƙe.

Tsohuwar da nake kula da ita a lokacin tana da 'ya, mace babba, mai zuwa duk Juma'a su ci abincin rana tare. Matar nan komai nata oganik ne, wato marar sinadari, har sabulun wanke kwano. Juma'ar nan ina kicin ina daka wa tsohuwa dankali sai na ji an buɗe kwalba a falo, wani tsami ya bugi hancina. Na ajiye cokali. Warin tsakar gidanmu ne a rana ta uku, lokacin da tukunya ta fara kumfa. Na fito kamar an kira ni. Abin da ke cikin kofin 'yar tsohuwar ba ja ba ne, ba fari ba ne, kalar ruwan tsamiya ne, a gurɓace. Ta ga ina kallo ta yi murmushi, ta ce ai wannan mai rai ce, ba a tace ta ba, ba a sa mata sinadari ba, ko ciwon kai ba ta sa ta. Ta miƙo mini in shinshina. Na shinshina, idona ya kawo ruwa. Ta zaci ƙarfin abin ne. Na tambaye ta inda ake sayarwa, ta kwatanta mini.

Sau uku ina wuce shagon ban shiga ba. Ranar Litinin da na tashi aiki na tura ƙofar, da rigar aikina da takalmin roba. Mai shagon mace ce mai furfura, ba ta yi mini kallon da na zata ba. Ta zagaya da ni tana bayani, ta ce giyar inabin da take sayarwa iri uku ce. Na farko oganik, inabin da aka noma ba takin zamani ba feshi. Na biyu wani dogon suna da harshena bai taɓa ɗauka daidai ba, bayodainamik. Su waɗannan, in ji ta, wata suke dubawa kafin su shuka ko su tsinka, har ƙahon saniya suke cikawa da kashin shanu su binne a gona. Na yi dariya ban shirya ba. Na ce mata babana ma da wata yake shuka, mu da muka yi aka ce duhun kai ne. Ita ma ta yi dariya. Na uku ta ce nacural, a matse inabi a bar shi ya yi tsami da kansa, ba a ƙara masa komai, ba a tace shi.

Ta ɗauko mini guda. Na karɓa na nufi taga, na ɗaga ta wajen haske, na sa yatsa a baya. Ban ga yatsana ba. Na karkata ta, laka ta taso daga gindi a hankali. Matar ta ce me nake yi, na ce gwadawa nake yi. Ta ce shekarunta da yawa a sana'ar ba ta taɓa ganin wannan gwajin ba. Na ji wani girma ya shige ni, ni 'yar mai tukunya, yau ga Baturiya na koyo a wurina.

Na yi mata tambayoyi da yawa. An sa sukari? Ta ce a'a. An sa maganin hana lalacewa? Ta ce a'a. An sa kala? A'a. Ta ce wa zan saya wa, biki ne? Na ce maigidana. Ban ce ba shi da lafiya ba. Kalma uku ce ko huɗu, kuma na san Turancinsu. Ta ma nuna mini lambar ƙarfin giyar a gefen takardar, da farcenta, ta ce ba ta kai wasu ƙarfi ba amma giya ce sosai. Na gyaɗa kai. Na ɗauki rabin maganar da nake so na bar mata rabin.

A feri na rungume jakar a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri. Lambar likitar tana manne a jikin firij ɗinmu, sun ce a kira kowane lokaci in akwai tambaya. Na wuce ta na buɗe firij na ɗauko kuɓewa.

Akwai wani ƙaramin ƙoƙo da na zo da shi daga gida, yana rataye a bangon falo don ado. Na sauke na wanke. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miya. Wajen ƙarfe biyar na yamma na ajiye masa tire, na zuba rabin ƙoƙo na ajiye a gefe.

“Wannan fa?”

“Magani.”

Ya ɗauka ya shinshina, ya ajiye da sauri kamar ya taɓa wuta. “Uwargida, wannan giya ce.”

“Ta tukunya ce. Dubi kaurinta. Dubi lakar.”

“A tukunya aka sayar miki?”

“A kwalba suke zubawa, amma ba ta kwalba ba ce. Ba injin da ya taɓa ta. Ɗaga ka sa yatsa ka gani.”

Bai ɗaga ba. Ya juya ya dubi ƙofar kicin, wajen kalanda. “Saura kwana ashirin da uku.”

“Na sani. Ka kuma ji abin da likita ta ce a kan sikeli. In ka cika kwanakin ba ka da jikin da za a yanka, me muka yi? Wiski ta hana ka, Maigida. Abin da ya ƙone ka ta hana ka. Wannan ko kakana an ba shi.”

Ya daɗe yana kallon ƙoƙon. Ba kwaɗayi na gani a fuskarsa ba, tsoro na gani. Daga ƙarshe ya ce, “Ke ce 'yar mai tukunya, ke ce kuma nas. In kin ce.”

Na ce, “Na ce.”

Ya sha a hankali, ya rufe ido. Ya ce, “Kai. Gonar gayya.” Sannan ya wanke hannu ya sa a tuwo. Abin da ya fi yi mini wuyar faɗa ke nan: ya ci. Ya cinye malmala guda ya suɗe kwano, ya ce akwai saura? Na shiga kicin na kama bakin tebur ina kuka ina gode wa Ubangiji. Da ya amayar a ranar, da na zubar da sauran, da labarin ya ƙare a nan.

Washegari da safe ina sa takalmi na ji ƙarar biro a jikin kalanda. Bai kira ni ba. Na lura, na yi kamar ban lura ba.

Yamma goma sha bakwai muka yi haka, rabin ƙoƙo kafin tuwo. Ni nake aunawa, bai taɓa neman ƙari ba, bai taɓa taɓa kwalbar da hannunsa ba. Sau huɗu na koma shagon, har matar ta fara ajiye mini mai laka. Fuskarsa ta ɗan cika. Wata rana na sauko daga feri na same shi a bakin tasha yana jirana da sandarsa, ya tako da ƙafarsa tun daga gida. Matan zumuntar cocinmu suka ce addu'a ta karɓu.

Da ranar aunin jini ta matso, saura kwana biyu, na ɓoye ƙoƙon. A tunanina awon irin na 'yan sanda ne da suke sa direba ya hura, in an kwana biyu ba a gani. Na sha tambayar kaina tun daga lokacin: wanda ya yarda magani yake bayarwa, me zai sa ya dakatar saboda za a auna? Ke nan na sani. Wani wuri a cikina ya sani tun a bakin tagar shagon.

Ranar da wata shida suka cika aka ba mu mu je mu ji sakamako. 'Yarmu ta biyo bas tun asuba don ta kasance a wurin, ta zo da katin taya murna da ta rubuta masa. Ya sa babbar rigarsa da ta yi masa yawa. Likitar ta shigo ta rufe ƙofa, ta zauna, ba ta buɗe fayil ba. Ta ce jinin ya nuna giya, kuma ba ta rana ɗaya ba, irin awon da ke duba makonni ne. 'Yarmu ta ce kuskure ne, a sake. Likitar ta ce sun sake. Ta dubi maigidana ta ce ya faɗa mata abin da ya faru.

Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe. Sai na ji hannunsa a kan gwiwata ta ƙarƙashin tebur, ya matse da ɗan ƙarfin da tuwon nan ya ba shi. Ya ce da Turanci shi ya saya, yana ɓoyewa a cikin tsohuwar jakar aikinsa, yana sha idan na fita. Ya ce matarsa ba ta san komai ba. Na rufe bakina.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce hanta ba a shago ake samunta ba, sai wani ya mutu, kuma masu jira suna da yawa. Ta ce ba su rufe masa ƙofa ba, amma lissafi ya koma ɗaya, kuma sai ya riƙa zuwa zaman masu barin giya kowane mako ana sa masa hannu. 'Yarmu ta miƙe, katin na hannunta. Ta ce masa da Turanci duk Lahadi yana nuna mata kalanda tana tafi kamar wawiya.

A feri ta tafi can ƙarshe ta tsaya ita kaɗai cikin iska. Na ce masa zan koma in faɗi gaskiya.

“Ki faɗa su yi me? Jinin nawa ne, kwanakin ba za su dawo ba. Abin da za su ƙara shi ne su cire ki daga mai jinya. In suka cire ki wa nake da shi a garin nan?”

“To bari in faɗa wa yarinyar.”

“Ba ki isa ba.” Bai taɓa yi mini magana haka ba. Ya numfasa, ya sassauta. “Gara ta ji haushina, ni ta saba. In ta ji naki, bayana wa za ta riƙe?”

“Ni na ce maka ka sha.”

“Ni kuma yaro ne? Na ji warinta, na san sunanta. Tuwon nake so in ci, Uwargida. Bar shi haka.”

A ranar 'yarmu ta koma makaranta. Kiran Lahadi ya koma gajere, ta gaishe shi sama-sama ta ce a ba ta ni. Duk Laraba yana zuwa zaman nan a ƙasan wani coci, ya miƙe gaban mutane ya ce ya koma sha a ɓoye ya yaudari iyalinsa. Sau ɗaya na raka shi na zauna a baya, ban iya komawa ba. Washegarin ranar asibiti ya nemi jan biro, ya zagaye ranar, ya ƙwala kira, “Uwargida, zo ki shaida.” Na zo na tsaya. Ya soke, ya sara mini.

Abinci ya sake gagara. Wannan karon ban san wata dabara ba, sai cokali da roƙo. A cikin wata na huɗu, wata safiya ina haɗa masa kunu, ya yi aman jini a banɗaki. 'Yarmu ta iso washegari, amma ciwon ya riga ya taɓa kansa, ya dube ta ya kira ta da sunan mahaifiyarsa. Ta riƙe hannunsa kwana uku. Ranar Alhamis da tsakar rana ya huta.

Mutane sun ce mini ko da sunansa ya shiga, ba lallai ne a samu hanta a kan lokaci ba, wasu na mutuwa suna jira. Gaskiya ne. Sun ce ko ba ƙoƙon, ramar na iya hana aikin. Wannan ma gaskiya ne. Ban sani ba, ba zan kuma taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne ya yi wata biyar da kwanaki da ƙarfinsa, ni na zo na aje masa tire.

Da mahaifiyata ta kira gaisuwa tana kuka, ta ce, “Kwalba ta ci mini ɗa.” Na ce, “I, Mama.” Ta rasu bayan shekara biyu ban faɗa mata ba, kuma ban yi nadamar wannan ba.

'Yata kuwa sai bayan shekara uku. Zan tashi daga St. George in koma Flatbush kusa da coci, ta zo taya ni haɗa kaya. Ta ciro ƙoƙon daga ƙasan akwati, naɗe cikin tsohuwar kalanda, ta ce me ya sa na daina rataye shi. Na zauna a kan kwali na faɗa mata duka, tun daga wayar Mama har feri. Ban kalle ta ba sai da na gama. Da ta yi magana, da Hausa ta yi, Hausar da ban ji a bakinta ba tun tana 'yar shekara biyar.

“Ya ci abincin?”

Na ce, “Ya ci. Har ƙari.”

Ta gyaɗa kai. Ta naɗe kalandar ta sa a jakarta, ta fita ba sallama. Wata biyar ba ta ɗauki wayata ba, kuma ban ga laifinta ba. Na ƙwace mata wata huɗu na ƙarshe da ubanta, ta yi su tana fushi da mutumin da bai yi mata ƙarya don kansa ba. Wata Lahadi na fito daga coci na gan ta a bakin ƙofa. Ba mu yi dogon zance ba. Yanzu tana zuwa, muna cin abinci, wani lokaci har dariya.

Ba na ganin laifin mai shagon. Duk abin da ta faɗa mini gaskiya ne, inabin nan an noma shi da kyau, ba a sa masa komai ba, mai lafiya ya sha abinsa daidai misali ba ruwana. Ba na ganin laifin Mama. Gwajinta na ƙauye ne, don ogogoron da ba a san me aka zuba masa ba, kuma ya tsare mutane da yawa. Ba don ƙonanniyar hanta aka yi shi ba. Hanta ba ta san tukunya ba, ba ta san kwalba ba. Ni ce na yi tambaya goma a shago na tsallake guda ɗaya, domin na san amsarta ba za ta yi mini daɗi ba. Ke 'yar'uwa mai hoton kwalba, ban san gidanki ba. Idan akwai wanda likita ya hana a cikinsa, tambayar da kike jin nauyin yi, ita za ki fara yi.

Kwanan baya na je gidan 'yata na ga kalandar a bangon ɗakinta, ta sa mata gilashi. Ta tambaye ni waɗanne ranaku ne. Ta zaci sai na yi lissafi. Na sa yatsa na nuna mata su ɗaya bayan ɗaya, ashirin da uku. Ba su da wuyar ganewa a wurina. Su ne waɗanda bai kira ni in shaida ba.